Daga Sinimar Scala Zuwa Wayar Kwamfuta: Tarihin Kallo a Sabo

Jama'a, yau a gidaje da yawa na unguwar nan idan ana son kallon fim sai a kira yaro ɗan makaranta ya ɗauko kwamfutarsa, ya soka waya guda a gefenta, ya soka ɗaya bakin a bayan talabijin, sai ga hoto tangaran ya cika bango. Yaran suna ganin kamar haka duniya ta tashi. To ba haka ba ne. Kafin a zo ga wannan 'yar waya mun sha hanya mai nisa, kuma akwai kayanmu da muka bari a baya waɗanda in ba mu koma mun ɗauko su da wuri ba, sun tafi ke nan.

Mu mutanen Sabo muna da wani abin alfahari da 'yan'uwanmu na gida ba su da shi. A nan Ibadan aka fara buɗe tashar talabijin a Nijeriya, wato WNTV, ranar 31 ga Oktoba 1959, zamanin gwamnatin Jihar Yamma. Kaduna ba ta sami tata ba sai a 1962. Ke nan iyayenmu da suka zo fataucin goro da shanu, waɗanda aka yanka wa wannan unguwa tun 1916, sun riga mutanen Kano da Sakkwato ganin mutum yana magana a cikin akwati. Amma fa me yake faɗi? Yarbanci da Turanci. Akwatin ma sai gidan wane da wane, yara su yi cincirindo a bakin taga. Saboda haka ainihin wurin kallonmu a wancan lokaci sinima ce, Scala da ke nan kusa da mu, ko Odeon ta Oke-Ado ga mai kuɗin mota, inda ake nuna finafinan Indiya da na kaboyi. Matan aure kuwa ba su a cikin wannan lissafi, don ba a san matar kirki da zuwa sinima ba.

Bayan da aka haɗe tashoshin ƙasa a ƙarƙashin NTA a 1977, muka fara jin Hausa jefi-jefi a akwatinmu. Wanda ya ga yadda tsakar gida ke cika in an sa Samanja, na marigayi Usman Baba Pategi, ya san irin ƙishirwar da muke ciki.

Abin da ya kashe wannan ƙishirwa kaset ɗin bidiyo ne. Kamfanin JVC na Japan ya fito da samfurin VHS a 1976, ya shigo mana sannu a hankali ta hannun alhazai da 'yan kasuwa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan ƙofa ta buɗe. Kaset ya riƙa biyo motocin da ke kawo albasa da tumatir da dabbobi, direba ya sauke kaya ya sauke fim. Lokacin da Sangaya ya fito a 1999, kaset ɗaya sai ya zaga gida goma kafin ya koma hannun mai shi, ga na Ibro kuma da ba a gajiya da su. A nan ne mata suka shigo kallo, tunda yanzu fim ne ke zuwa har ɗaki. A nan ne kuma yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda bakinsu ya fi karkata ga Yarbanci saboda makaranta da kasuwa, suka riƙa tsintar Hausar Kano da karin maganarta. Malamai sun yi ta faɗa a kan rawa da waƙa, kuma a wasu wuraren suna da gaskiya, amma wannan amfani na harshe ba mai iya musunsa.

Wani abu kuma da bidiyo ya kawo, wanda a ganinmu ya fi finafinan muhimmanci, shi ne ɗaukar kanmu. Aka fara kiran mai kyamara wurin ɗaurin aure da suna da saukar karatu da Mauludi da naɗin sarauta. Har aika kaset ɗin biki ake yi gida don dangi su ga amarya.

Daga nan sai faifai ya kori kaset. VCD ya fi araha, ba ya cinyewa a cikin inji, amma faifai ɗaya bai wuce ya ɗauki minti 74 zuwa 80 ba, shi ya sa dogon fim ke zuwa a faifai biyu. DVD ya biyo baya da hoton da ya fi kyau. Duk waɗannan injuna da waya mai kai uku ake haɗa su da talabijin, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, kuma tsohon talabijin mai ƙaton baya ba ya tona asirin kowa.

Kwamfuta ce ta zo da rigima. Farkon waɗanda suka gwada haɗa ta da talabijin a cikinmu sun sha wuya, domin wayar da take da ita a lokacin, VGA, mai shuɗin kai da allurai 15, wadda IBM ta fito da ita a 1987, hoto kawai take ɗauka. Sai an nemo wata waya dabam daga ramin abin saƙalawa a kunne kafin a ji magana. In kuma talabijin ɗin tsoho ne, sai an sayi wani ɗan akwati da zai juya hoton, ya fito dishi-dishi, rubutu ba ya karantuwa. Wayar HDMI, wadda aka tsara a ƙarshen 2002, ita ta raba gardama, don ta haɗa hoto da sauti a hanya ɗaya. Da talabijin mai shafaffen allo, wanda muke kira filasma ko da ba filasma ba ne, ya yi araha a kasuwa, sai aikin ya koma na minti biyu: a soka waya, a ɗauki rimot a zaɓi ramin da aka soka ta, in kwamfutar mai Windows ce a danna maɓallin tagar tare da harafin P a ce ta nuna a allo na biyu. In sauti ya maƙale a kwamfuta, a shiga wurin sauti a zaɓi sunan talabijin. Shi ke nan.

To amma a nan ne mutane da yawa suka yi zaton an cuce su. Mutum ya sayi ƙaton talabijin, ya sa fim ɗin da yake so tun yana saurayi, sai ya ga fuskoki sun dagule kamar an shafa musu kunu. Ba laifin waya ba ne, lissafi ne. Hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera. Na VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, wato kimanin dubu ɗari da ɗaya. Cikakken HD kuwa 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, ya haura miliyan biyu, ninki ashirin ke nan. Ko DVD, mai 720 da 576, kashi ɗaya cikin biyar kawai yake cikewa. Sauran gurbin talabijin ne ke cike shi da kame-kame. Abin da ba a ɗauka ba tun farko, babu wayar da za ta ƙirƙiro shi. Haka nan fim ɗin da masu tura finafinai suka matse don ya shiga memorin wayar hannu, a tafin hannu yana da kyau, a bango kuwa sai a hankali. Sa'an nan tsohon hoto kusan murabba'i ne, huɗu bisa uku, sabon allo kuma mai faɗi ne, sha shida bisa tara. In aka tilasta wa hoton ya cika allo, kowa sai ya zama gajere mai faɗin kai. Gara a bar baƙin fili dama da hagu, a ga mutane yadda Allah ya yi su.

Sababbin shirye-shirye ba su da wannan matsala. Tashar Arewa24 ta fara a 2014, daga baya kuma finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka kama kasuwa a 2020, ana ɗora su a YouTube da hoto mai tsabta. Ranar da mutumin Fagge ya kalla, ranar muke kalla, ba sai mun jira direba ba. Abin da muke yaba wa wayar nan shi ne ta dawo da iyali gaban allo ɗaya bayan wayar hannu ta raba kowa da kusurwarsa, uba yana ganin abin da 'ya'yansa ke gani.

Damuwarmu tana ga waɗancan kaset-kaset na bukukuwanmu. Fim ɗin Kano ko ya ɓace a nan, wataƙila wani ya adana shi a can. Amma naɗin wani sarkinmu, ko tafsirin wani malaminmu da ya riga mu gidan gaskiya, ko muryar kakar wani tana yi wa amarya faɗa, kwafi ɗaya ne tak, yana ƙarƙashin gado. Ƙasar nan kuma ba irin ta Arewa ba ce, laima gare ta, fumfuna na cin zaren kaset har ya manne. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera injin bidiyo, ya daina a watan Yuli 2016, saura tsofaffi a hannun masu gyara.

Hanyar ceto ita ce a juya tafiyar wayar. Maimakon hoto ya fito daga kwamfuta zuwa talabijin, sai ya fito daga injin bidiyo ya shiga kwamfuta, ta wata 'yar na'ura mai karɓar wayoyin nan uku a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma a soka a ramin filash. Ba ta sauri: kaset na awa uku, awa uku zai ci, kuma hoton ba zai zama HD ba, zai dai tsaya yadda yake ya daina lalacewa. Wanda fumfuna ta kama kada a sa shi a inji sai mai gyara ya share shi, don zai ɓata kan injin. In an gama a ajiye kwafi biyu a gidaje biyu. Kuma ranar da za a fara kunna shi a babban allo, a zaunar da dattijo ko dattijuwa kusa da yaron da ke riƙe da kwamfutar, da takarda da biro, a riƙa tsayar da hoton ana rubuta sunayen waɗanda ke ciki da shekarar da aka yi taron.