Tarihin Ƙananan Fitilun Gaban Direba

Tun da aka kafa Sabo a nan Ibadan a 1916, abincinmu yana kan hanya ne: goro ya tafi Arewa, shanu su gangaro Kudu. Da farko ƙafa ce da jirgin ƙasa, daga baya manyan motoci irin su Bedford da Mercedes 911 suka karɓe yawancin lodin. Kuma yawancin wannan tafiya ta dare ce, saboda dabba ba ta son zafin rana, goro ma haka. Idan ana hirar tuƙin dare, kowa fitilar gaba yake tunawa. To amma akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayaye a allon da ke gaban direba, wanda muke kira dashbod, da su ne mota ke faɗa wa mai ita halin da take ciki. Tarihinsu ya cancanci a sani, domin a yau mun fara raina su.

Motocin farko ba su da lantarki. Fitilar kananzir ake rataya musu, ko ta kabayid, wadda ake ɗiga wa ruwa ta ba da iskar da ake kunnawa da ashana. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tashi da batir, fitilunta ma na lantarki, aikin wani injiniya mai suna Charles Kettering. Daga nan ne aka samu damar sa ɗan ƙwai a kan allo domin direba ya ga alluransa da dare: ta gudu, ta baƙin mai, ta zafin inji, da ta caji. A shekarun 1930 kuma kamfanin Hudson ya fara maye gurbin wasu allurai da fitilar gargaɗi, bisa tunanin cewa mutum yana iya mance duba allura, amma jar wuta cikin duhu ba ta ɓuya.

Duk wanda ya tuƙa tsohuwar mota zai tuna maɓallin nan da ake jawowa. Ka ja sau ɗaya, fitilun fakin da na baya da na allo su kama. Ka ƙara ja, manyan fitilu su kama. Idan kuma ka murza shi, hasken allo ya ragu ko ya ƙaru. Abin da ke cikinsa waya ce siririya a naɗe, da ɗan ƙarfe mai goga ta. Gwargwadon tsawon wayar da wuta za ta bi, gwargwadon yadda ƙwai zai dusashe. Ba don ado aka yi shi ba fa. Ido idan ya saba da duhu yana hango nesa, amma idan allo na haska fuska sai ganin hanya ya ragu. Shi ya sa direbobin da suka san aiki da zarar sun fita gari suke rage shi. A nan Kudu da danshi ya yi yawa wayar kan yi tsatsa, allo ya mutu ɗungurungum, kuma sau da yawa maganin bai wuce a murza maɓallin gaba da baya har ya goge kansa ba.

Shi kuwa dim, a da ƙafa ce ke ba da shi. Wani ɗan maɓalli ne a ƙasa kusa da kuloci, ka taka fitila ta sunkuya, ka sake takawa ta ɗago. Haka yake a tsofaffin Land Rover da Volkswagen Beetle na farko. Matsalarsa laka da ruwan takalmi, sai ya ci tsatsa ya maƙale, direba ya yi ta kashe wa na gabansa ido ba da son ransa ba. A hankali kamfanoni suka ɗauke shi suka mayar kan sanda a gefen sitiyari. Mu a nan wannan canji ya zo kusan lokaci ɗaya da wani babba: ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari ya koma hagu. Da aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Legas a 1975, sai ga direbobinmu suna koyon sabon hannu da sabon allo gaba ɗaya. A 504 da ta cika tashoshinmu, da yatsu ake sarrafa fitila, hannu bai barin sitiyari.

Babu motar da ta nuna darajar fitilar gargaɗi kamar Beetle, wadda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira Ijapa, wato kunkuru. Allonta agogo ɗaya ne tak. Har farkon shekarun 1960 ko allurar fetur ba ta da ita, sai wani ɗan hannu da ake juyawa idan mai ya ƙare a shiga na ajiya. A ƙasan agogon akwai ƙwayaye biyu: a tsofaffin, kore na baƙin mai ne, ja na caji. Ita ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya injinta, kuma fankar tana kan dainamo ne, bel ɗaya ke juya su duka. Ka ga ke nan idan jar wutar ta kama ana cikin tafiya, ba maganar batir kaɗai take yi ba, cewa take wataƙila bel ya tsinke, inji na dahuwa. Wanda ya tsaya nan take bel kawai zai saya. Wanda ya ce bari in ƙarasa gari, inji zai saya.

Fitilar rufin mota ma da nata tsari mai sauƙi: a kashe, a kunne, ko ta bi ƙofa. Ɗan maɓallin da ke jikin ƙofa shi ke haɗa wayar da ƙarfen mota idan an buɗe. Ƙofar da ba ta rufu da kyau ba kan bar ta a kunne har asuba, a wayi gari ana neman masu turi. Tsofaffin direbobi ba sa yarda fasinja ya kunna ta ana tafiya, domin haskenta na dawowa a gilashi ya rufe hanya, ga shi tana nuna wa na waje wanda ke ciki da abin da yake ƙirgawa.

Akwai abubuwa biyu da masu wayarin na da ke koya wa yaran mota. Na ɗaya, a motoci da yawa fitilar allo da ta baya fis ɗinsu ɗaya ne, don haka idan allonka ya yi duhu, sauka ka duba bayanka, mai yiwuwa tirelar da ke biye da kai ba ta ganinka. Kuma fis ɗin da ya ƙone ba a naɗa masa waya ko takardar sigari, nan gobara ke farawa. Na biyu, a yawancin motocin da suka zo da altaneta bayan dainamo, ta cikin wannan jan ƙwai ne 'yar wutar da ke tayar da caji ke bi. Ƙwan ya mutu, caji na iya tsayawa, kuma babu mai gaya maka.

Da sababbin motoci suka gagari talaka bayan 1986, tokunbo ta cika gari da allo mai fitilu barkatai, har da mai siffar inji wadda kwamfutar mota ke kunnawa. A nan ne wata mummunar ɗabi'a ta shigo: a zare ƙwan, ko a manna masa baƙin salatif, a kai motar kasuwa a ce lafiyarta ƙalau. Jama'a, wannan ɓoye aibin kaya ne, daidai yake da jera goro mai kyau a saman huhu a bar mai tsutsa a ƙasa, kuma addini ya hana. Na mota ma ya fi muni, domin rayuka ake ɗauka a cikinta.

Mai saye yana da hanyar kare kansa, kuma tsohuwar hanya ce. Ka murza makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Dole fitilar caji da ta baƙin mai da ta inji su kama, sannan su mutu bayan mota ta tashi. Wadda ta ƙi kamawa, ka tambayi dalili kafin ka ƙirga kuɗi. Direbobinmu masu bin hanyar Ilorin da Jebba zuwa gida su ma su riƙa yin wannan dubawa kafin su bar tasha. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa mu ci halal.