Mina Rees (1902–1997)

Marubuta tarihin kwamfuta sun yi ittifaƙi cewa Mina Rees ba ta ƙera na'ura da hannunta ba, amma sun saɓa game da matsayinta a kan waɗanda aka ƙera. An haife ta a Cleveland ta Amurka, ta sami digirin digirgir na lissafi a Jami'ar Chicago a 1931 a hannun malaminta Leonard Dickson, ta ci gaba da karantarwa a Kwalejin Hunter ta New York har yaƙin duniya na biyu ya raba ta da alli a 1943.

A 1946 aka damƙa mata sashen lissafi na ofishin bincike na rundunar ruwan Amurka, watau ita ke duba takardun malaman jami'o'i masu neman kuɗi, a zamanin da kwamfuta guda kan cika zaure da kwalaben lantarki masu zafi da yawan mutuwa. Ofishinta na cikin masu ɗaukar nauyin na'urar John von Neumann a Princeton, da kuma Whirlwind wadda Jay Forrester ke ginawa a jami'ar MIT, kuma a kan ta biyun ne ruwayoyi suka rabu. Waɗansu sukan lissafa ta cikin masu renon Whirlwind, alhali kuwa abin da ya fi inganci shi ne ta sa wa aikin ido matuƙa, domin yana cinye kason da zai wadaci masana lissafi da dama, har nauyinsa ya koma wuyan rundunar sama wajen 1950. Wanda ya zarge ta da rowa bai yi mata adalci ba, domin ma'aji ce, kuma hujjarta ita ce a fara sanin mas'alar da na'ura za ta warware kafin a zuba mata dukiya.

Ta koma Hunter a 1953 tana shugabantar malamai. A 1961 aka ɗora mata kafa karatun digirgir a Jami'ar Birnin New York, ta zama shugabar makarantar karatun digirgir ɗin a 1969, ta sauka a 1972. A 1971 ta zama mace ta farko da ta shugabanci babbar ƙungiyar ci gaban kimiyya ta Amurka. Ɗakin karatu na makarantar da ta kafa sunanta yake ɗauke da shi.