Sunayen da ke Shafin Farko

Kwanakin baya mun halarci rabon gadon wani dattijonmu, tsohon ma'aikacin reluwe, Allah ya jiƙansa. Bayan an gama da gida da sutura, sai aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado, ashe littattafai ne cike da ita. Ba wanda ya ɗaga kai. Har wani yaro ya ce na bokon a kai wa mai tsire ya riƙa naɗe nama. Da muka buɗe wata tsohuwar Magana Jari Ce wadda bangonta ya rabu, sai ga rubutun hannu iri uku a shafin farko: na malamin da ya ba shi ita kyauta don ya zo na ɗaya a aji, da nasa shi kansa inda ya sa sunansa ya ƙara da "Tashar Kafanchan", sai can ƙasa wani karkataccen rubutu da fensir. 'Yarsa ce take koyon rubuta sunanta, wadda yau tana da jikoki. Da aka miƙa mata ta gani, sai hawaye.

A Ingila da Amurka akwai mutanen da sana'arsu ke nan, watau tara littattafai bugun farko waɗanda marubucin ya sa wa hannu, har gwanjonsu ake yi da kuɗi masu yawa. Abin mamaki, da yawansu sun fi son sa hannun kawai. In marubucin ya ƙara da cewa ya ba wane kyauta, alhali wanen nan ba sananne ba ne, sai su ga kamar an rage wa littafin daraja. To, mu a nan sai mu ce sun bar jaki suna dukan taiki. A wurinmu sunan wanen nan shi ne dukiyar, kuma ga dalili.

Kowa ya san masarautar Jama'a ta kafu tun wajen 1810, tana bin Zazzau, kuma fadarta ba a nan take ba da farko. Jirgin ƙasa ne ya ta da Kafanchan. A 1927 aka haɗa layin da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos, garin ya zama mahaɗa, mutane suka yi ta sauka daga Kano da Zariya da Katsina da Bauchi, ga Ibo ga Yarbawa, suka tarar da Fantswam da Kaninkon da Bajju da mutanen Kagoro. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan. Ku lura da wannan shekara, domin a cikinta ne Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937 zuwa 1939, a Janairun 1939 kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Ashe ke nan garinmu da littafin Hausa na boko tsaran juna ne, tare suka tashi, kuma jirgin da ya kawo kakanninmu shi ya riƙa kawo musu abin karantawa.

Wanda ke son sanin shekarun littafinsa ya duba sunan maɗaba'a. Kamfanin Gaskiya a 1945 aka kafa shi, Hukumar NORLA ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, kamfanin NNPC na Zariya kuwa, ba na man fetur ba, sai a 1966. Saboda haka duk Ruwan Bagajar da ke ɗauke da sunan NNPC ba bugun farko ba ce, kome tsufanta, kada wani dillali ya ruɗe ku. Sa hannun marubuci kuma ba mu cika samunsa ba, don ba al'adarmu ba ce a wancan zamani. Hedimasta ne ke sa hannu, ko uba, ko aboki ranar sallama in an yi masa canjin tasha.

Amma fa ba Bature ne ya koya mana rubuta suna a littafi ba. Tun kafin boko malamanmu na zaure suna yi, kuma nasu ya fi tsari. Ku kwance gafakar kakanninku ku duba ƙarshen Ahalari ko Iziyya ko Risala ko Ishiriniya ta rubutun hannu. Bayan kalmar "tammat", sau da yawa mai kwafar littafin zai faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya faɗi wanda ya rubuta wa, wani lokaci da ranar da ya gama, ko Laraba ce ko Alhamis, ya roƙa wa kansa da iyayensa da malamansa gafara. Shekara ce kawai suke yawan bari, abin da ke ba masu bincike ciwon kai. In littafin ya koma hannun wani, ta gado ko ciniki ko kyauta, shi ma sai ya sa nasa sunan a gefe. In hubusi aka yi wa masallaci ko makaranta, a rubuta cewa ba a sayarwa ba a gada. Da haka warƙa ɗaya take zama kamar salsala: wannan ya karanta a Zariya, ya ba almajirinsa, almajirin ya sauka Jama'a, ɗansa ya biyo fada zuwa Kafanchan. Takardar ma tana magana. Ku ɗaga ta a hasken rana, in kun ga jinjirin wata uku a jere, to irin wadda ake yi a ƙasar Italiya ce, fatake suka ratso Sahara da ita ta hanyar Tarabulus.

Nawa ne suka rage a hannunmu? Nan ne zancen yake da ɗaci. Rikicin Maris na 1987 da ya faro daga Kwalejin Ilimi, da na Zangon Katab a 1992, da na Mayun 1999, da na Afrilun 2011 wanda ya cinye kasuwa, kowanne ya tafi da gidaje, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Ba don mu fama tsohon miki muka kawo wannan ba. Wuta ba ta karatu balle ta zaɓa. Maƙwabtanmu Kirista su ma suna da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, a bangonsa iyayensu suka rubuta ranakun haihuwa da aure, kuma da yawa sun ƙone kamar namu.

Gaskiya dai, abin da gara da ɗanshin daminar nan tamu mai yawa suka ci ya isa a yi kuka, kuma wannan laifinmu ne. Mun ga inda magada suka kasa warƙoƙin littafi ɗaya kashi huɗu don kowa ya sami tabarraki, aka wayi gari ba mai littafi. Mun ga mai yage shafin farko kafin ya sayar, wai kada a san daga gidansu ya fito. Ga shi kullum aka ta da maganar wa ya riga wa zuwa, ko ɗanmu ya je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma aka tambaye shi asalinsa, ba mu da abin nunawa sai "in ji kakana". Ba mu ce suna a bangon littafi zai ci shari'a a kotu ba. Amma jikan da ya ga hannun kakansa da sunan garin nan a ƙarƙashi, ba mai sa shi shakkar inda ya fito.

Akwai wuraren da aka tanada don adana irin wannan, kamar Gidan Arewa a Kaduna wanda aka kafa a 1970, da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke can, da Gidan Tarihi na Jos. Wanda bai yarda ya rabu da nasa ba, muna roƙonsa ya ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe da waya, ya aika wa 'yan'uwa biyu ko uku a wasu garuruwa, ya ɗaga littafin daga ƙasa, kada kuma ya manna shi da salatif.

Risalar da ke cikin adakar nan ta marigayi tana da sunaye huɗu. Uku an gane su. Na huɗun laƙabi ne kawai da sunan garin Madakiya, kuma 'yarsa ta yarda duk dattijon da ke ganin zai iya shaida hannun ya je gidan bayan la'asar ya duba.