Tarihin Lissafin Ninkakken Intigiral: Daga Alƙalami Zuwa Manhajar Kwamfuta

Gabatarwa

Intigiral wata dabara ce ta lissafi wadda ake yanka abu gutsi-gutsi, a auna kowane gutsure, sannan a tara sakamakon domin a san girman abin baki ɗaya. Idan abin da ake aunawa yana da fuskar awo ɗaya, kamar tsawo, intigiral ɗaya ya wadatar. Idan kuwa yana da tsawo da faɗi da zurfi, kamar ruwan da ke cikin tafki, sai a ninka aikin sau biyu ko uku. Wannan shi ne ninkakken intigiral. A yau ɗalibi yakan rubuta layi guda a manhaja ya sami amsa nan take, amma kafin a kai ga haka masana sun shafe ƙarnoni suna fama.

Masomin aikin

Arkimidis na Siraku, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tabbatar da cewa girman cikin ƙwallo kashi biyu ne cikin uku na gangar da ta kewaye shi daidai wa daida. Bayansa da fiye da shekara dubu, Ibnul Haisam, wanda ya yi aikinsa a Alƙahira ya kuma rasu wajen 1040, ya auna cikin wani siffa mai kama da ƙoƙo ta hanyar yanka shi faifai-faifai yana tarawa. A ƙarshen ƙarni na 17 Newton a Ingila da Leibniz a Jamus suka shimfiɗa ƙa'idojin da suka mai da wannan fasaha ilimi mai tsari. Euler da Lagrange kuwa su suka faɗaɗa ta a ƙarni na 18 zuwa fuska biyu da uku. A 1907 Guido Fubini na Italiya ya kafa hujjar da ta fayyace sharuɗɗan da ke ba da damar warware ninkakken intigiral fuska bayan fuska. Har yau bisa wannan hujja manhajoji da yawa suke tafiya.

Sai dai akasarin intigiral da ake cin karo da su a aikin zahiri ba su da amsa tsararriya da za a rubuta da alƙalami. Dole sai an yi kiyasi. Thomas Simpson ya wallafa wata hanyar kiyasi a 1743, Gauss kuma ya kawo wadda ta fi ta kaifi a 1814. Dukansu biyu suna auna darajar abin ne a wasu zaɓaɓɓun wurare, su tara.

Katangar yawan fuskoki

Matsalar tana bayyana ne idan fuskokin awo suka yawaita. A ɗauka ana bukatar wurare 10 a kowace fuska. Fuska biyu za su ci wurare 100, fuska uku 1,000, fuska goma kuwa biliyan 10. Idan aka kai fuska 20, na'urar da ke yin awo biliyan ɗaya a daƙiƙa za ta kwashe fiye da shekara 3,000 ba ta gama ba. Richard Bellman ne ya laƙaba wa wannan cikas sunan da ke nufin la'anar yawan fuskoki, a 1957.

Mafita daga kati da caca

Tun kafin cikas ɗin ya sami suna an riga an gano hanyar kewaye shi. A 1946 Stanislaw Ulam, masanin lissafi ɗan asalin Folan da ya yi aiki a cibiyar binciken makaman nukiliya ta Los Alamos a Amurka, yana jinya yana ɗebe kewa da wasan karta na mutum ɗaya. Ya so ya san sau nawa ake cin wasan, sai ya ga lissafin ya gagara. Nan ya fahimci cewa ya fi sauƙi a buga wasan sau da yawa a ƙirga nasarori. Ya kai wa John von Neumann wannan tunani, suka ɗora shi kan matsalar yadda ƙwayoyin nutron ke yawo a cikin sinadarin nukiliya. A 1948 aka gudanar da lissafin farko a na'urar ENIAC, kuma Klara von Neumann ce ta rubuta umarnin da na'urar ta bi. A 1949 Nicholas Metropolis da Ulam suka wallafa maƙalar da ta gabatar da hanyar ga duniya da sunan Monte Carlo, wato unguwar gidan caca da ke Monako.

Misali zai fayyace ta. A zana da'ira a cikin murabba'i yadda za ta taɓa sassansa huɗu, a watsa tsaba a kai ba tare da saiti ba. Kusan 785 cikin kowace 1,000 za su faɗa cikin da'irar, kuma daga wannan ƙirga ake kiyasin faɗinta. Fa'idar hanyar ita ce saurin raguwar kuskurenta bai dogara da yawan fuskoki ba. Illarta kuwa nawa: kafin kuskure ya ragu sau 10, sai an ninka gwaji sau 100.

Zamanin manhaja

A ƙarshen shekarun 1970 Cleve Moler ya ƙirƙiri MATLAB a Jami'ar New Mexico domin ɗalibansa su yi lissafi ba tare da sun koyi harshen Fortran ba. A 1984 aka kafa kamfanin MathWorks ya mai da ita hajar sayarwa. A 1983 kuma aka fitar da QUADPACK, tarin umarnin da akasarin aikinsa aka yi a Jami'ar Leuven ta Beljiyam. Hikimarsa ita ce bin sawun kuskure: inda lissafi ya yi gargada sai ya ƙara yanka wurin ƙanana, inda ya yi santsi ya wuce. Manhajar SciPy, wadda ta fito kyauta a 2001, ta gina umarninta na dblquad da tplquad a kansa, ana sarƙa intigiral ɗaya cikin ɗaya bisa hujjar Fubini. MATLAB ta kawo integral2 da integral3 a 2012.

Kammalawa

Manhaja ta rage wahala, amma ba ta kau da tsohuwar katangar ba. A fuska biyu ko uku hanyoyin da suka gaji Simpson da Gauss sun fi dacewa. Idan fuskoki suka yi yawa, sai a koma ga Monte Carlo da danginta. Abin da ke fitowa a allo kiyasi ne, shi ya sa SciPy take ba da lamba biyu, amsa da ƙiyasin kuskurenta. Injiniyan da ke lissafin ruwan madatsa ko nauyin da gada za ta ɗauka wajibi ne ya duba ta biyun kafin ya amince da ta farko.