Kuɗi da siyasa a shafin barkwancin jaridun Amurka

Cikin ƙasa da wata shida, sau biyu jaridun Amurka suna sallamar Dilbert, jerin zanen barkwancin da Scott Adams ya fara a 1989 yana zolayar rayuwar ofis. Karo na farko a Satumbar 2022 ne, lokacin da kamfanin Lee Enterprises ya cire shi daga jaridunsa 77. Adams ya nuna cewa wataƙila shaguɓen da yake yi wa manufofin kamfanoni ne ya ja masa. Sai dai ba Dilbert kaɗai Lee ya tsame ba. Kamfanin ya taƙaita shafin barkwanci ne dungurungum, ya ɗora wa duk jaridunsa tsari iri ɗaya, zane-zane da yawa da ba ruwansu da siyasa suka bi ruwa. Karo na biyu kuwa a Fabrairun 2023 ne, bayan Adams ya fito a YouTube ya kira baƙaƙen fatar Amurka gungun masu ƙiyayya, ya ba fararen fata shawarar su nisance su. Cikin 'yan kwanaki Washington Post da Los Angeles Times da jaridun Gannett suka yi watsi da shi, kamfanin da ke dillancin zanen, Andrews McMeel Universal, shi ma ya raba gari da shi.

Ana yawan cakuɗa waɗannan biyun, alhali na farkon ne ya fi bayyana halin da sana'ar ke ciki.

Mai irin wannan zane ba ma'aikacin jarida ba ne. Kamfanin dillanci ke sayar wa jaridu aikinsa, kowace ta biya ɗan kuɗi gwargwadon yawan masu karanta ta, galibi a raba rabi da rabi da mai zanen. Ribar tana cikin yawa: a zamanin tashensa, Dilbert na fitowa a jaridu kusan 2,000. A da, editan kowane gari ke zaɓar nasa, kuma yana shakkar taɓa shafin domin ya san wasiƙun ƙorafi za su yi masa ruwa. Da intanet ta kwashe kuɗin talla, takarda ta yi tsada, aka dinga tsuke zanen har rubutun ciki ya koma sai an ƙura ido. Daga baya manyan kamfanoni suka haɗiye ƙananan jaridu, zaɓin ya bar hannun editan gari ya koma hedikwata. Sa hannu ɗaya ya isa ya raba mai zane da kasuwanni masu yawa a rana guda.

Rigimar siyasa ba baƙuwa ba ce a wannan shafi. Zanen Doonesbury na Garry Trudeau, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1975, ya sha jawo ce-ce-ku-ce. A 2012, da ya caccaki dokar Texas kan zubar da ciki, wasu jaridu suka ɗauke zanen makon, wasu suka mayar da shi shafin ra'ayi, bayan ƙura ta lafa ya koma gurbinsa. A lokacin ana ganin zane a matsayin kadarar da ke riƙe mai karatu, don haka ana jure fitinarsa. Amma a 2019, da aka gano Wiley Miller ya cusa wa Shugaba Trump ashar a ɓoye cikin wani lungu na zanensa Non Sequitur, jaridu da dama suka soke shi nan take.

A ganina, ƙarancin kuɗi ne ya rage haƙurin editoci, rigima kuwa ita ke nuna wanda za a fara da shi. Hakan ba ya wanke Adams, domin bakinsa ne ya yanka wuyansa. Amma dubi Ostareliya, inda babu wata taƙaddama: News Corp ta daina buga zanen barkwanci a jaridunta a 2022, kamfanin Nine ya bi sahu a 2023, da haka zanen Ginger Meggs, wanda aka yi ta bugawa tun 1921, ya bar takarda.