Tarihin Lulluɓe Fangali da Ciyawa a Lambunan Ƙasar Daura

Duk wanda ya san ƙasar Daura, tun daga Sandamu har Mai'aduwa, daga Zango har Ɓaure, ya san cewa jigawa ce mai rairayi, wadda daminarta ba ta cika wuce wata huɗu ba, ruwan kuwa da zarar ya sauka sai ƙasa ta shanye, abin da ya rage rana ta ɗauke. Ba banza ba ne labarin kafuwar sarautar garin ya rataya a kan rijiyar Kusugu, wadda aka ce ba a ɗibar ruwanta sai ranar Juma'a. Mutanen da suka gaji irin wannan ƙasa, tilas su zama masu tattalin danshi, musamman 'yan lambu, waɗanda sana'arsu ba ta kankama sai bayan kaka.

A zamanin da, ban ruwa da jigo ake yi. Mai lambu ya tsaya a bakin rijiya tun asuba, ya janyo guga ƙasa, nauyin da ke ɗaure a gindin sanda ya ɗago masa shi, ya juye a magudana, ruwa ya bi fangali bayan fangali. Saboda haka ya san ƙimar kowane guga a kafaɗarsa, bai kuwa yarda ya bar wa iskar hunturu abin da ya sha wahalarsa ba. Idan ya yafa irin albasa ko na taba, sai ya kawo busasshiyar ciyawa ya shimfiɗa sama-sama, ya riƙa yayyafa ruwa ta bisanta, don kada ƙarfin ruwan ya tone irin, kada fuskar ƙasa ta yi ɓawo, kada kuma tsuntsaye su tsince. Da ya ga tsiro ya huda, sai ya yaye lulluɓin, domin in ya yi jinkiri yabanyar za ta yi rawaya, ta miƙe siririya, ba ta jure dashe. Tsofaffin masu sana'ar suna da sharuɗɗa kamar na malaman fiƙihu: ba a sa ɗanyar ciyawa a jibge, domin tana zafi ta ruɓe ta ƙone shuka, ba a sa kyasuwa ko ƙarangiya da suka riga suka yi 'ya'ya, sai dai in mutum yana son ya shuka wa kansa aikin cira, ba a kuma manna ta da gindin tumatir ko tattasai, saboda gara.

To, me ya hana wannan hikima ta game lambu duka, ta tsaya galibi a wurin renon iri? Dalili shi ne ciyawa a Daura ba ta taɓa zama abin yarwa ba. Ko da yake hadisi ya sanya ta, tare da ruwa da wuta, cikin abubuwan da jama'a suke tarayya a kansu, masu haƙƙi a cikinta sun yi yawa: gamba ta zana ce da jinka, harawa ta rago da doki, kara na danni da murhu, abin da ya saura a gona kuwa na shanun Fulani ne, waɗanda suke biya da taki. A bazara damin ciyawa kuɗi ne a kasuwa, fari irin na 1973 da na 1984 kuwa ya ƙara mata daraja, har ya zama wanda ya shimfiɗa ta a ƙasa alhali akuyarsa na kuka, sai a zarge shi da almubazzaranci.

Daga baya aka gina madatsun ruwa irin na Daberam da Sabke, shirin Fadama kuma, wanda ya fara a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa injin ban ruwa da rijiyar burtsatse. Wannan ni'ima ce babu shakka, amma a ganina ta rage wa manomi ganin ƙimar ruwa, tun da yanzu fetur ke ja, ba kafaɗa ba. A daidai wannan zamani masu bincike na cibiyar nazarin noma ta ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, suka tabbatar cewa karan gero da aka bari a gona yana tare ƙurar da iska ke kwashewa, yana sanyaya ƙasa, yana ƙara amfani.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, lissafin mai jigo ya dawo wa mai inji, domin kowane ban ruwa kuɗi ne daga aljihu. Ina roƙon matasanmu masu lambu su tara ciyawar da suke nomewa a gefen magudana, wadda dabba ba ta damu da ita ba, su shanya ta kwana biyu ko uku, su haɗa da ƙaiƙayi da ganyen da ya zuba, su lulluɓe fangalinsu kafin zafin watan Maris ya kama.