Bakan Gizo da Shinmei-zukuri: Abin da ke Raya Salon Gini

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba abin da ke raya salon ginin wurin ibada, ta hanyar gwama na ƙasar Zazzau da na Japan.

Mabiya addinin Shinto a Japan suna da kalmar shinmei-zukuri, watau salon gina ɗakin bauta da zallar katako marar fenti, a ɗaga daɓensa bisa ginshiƙai, a yi masa jinkar ciyawa. Shahararren misalinsa yana garin Ise. Tun shekarar 690 ake gina sabon ɗaki a gefen tsohon duk shekara 20, sa'an nan a kwance tsohon. Yaƙe-yaƙe sun taɓa katse al'adar fiye da shekara 120, amma aka komo mata, har aka yi karo na 62 a 2013. Ta haka kafinta yakan koyi aikin yana saurayi, ya riƙe shi yana magidanci, ya koyar yana dattijo.

Mu kuwa namu shi ne bakan gizo: a jera azarar giginya hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har bakan ya haɗe a sama ya ɗauki rufi. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya kai wannan fasaha matuƙa a Masallacin Jumma'a na Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846. To, ginin ƙasa ba ya jure sakaci, saboda haka gyara da yaɓen da akan yi da rani kafin saukar damina su ne makarantar 'ya'yan magina.

Wannan makaranta ce ke mutuwa a karkarar Ikara da Makarfi da Kudan. Da zarar jama'ar gari sun sami abin hannu, na rake ne ko na tumatir, sai su rushe masallacin tubali su tayar da na bulo da kwano. Ba mu ga laifinsu ba, domin azara ta yi tsada, kwano kuma ba ya neman yaɓe. Illar dai ita ce ɗan magini ya tashi bai taɓa ganin an ɗaura baka ba.

Shi kansa masallacin Zariya an kewaye shi da ginin siminti a shekarun 1970, kwaikwayonsa kuma yana gidan tarihi na Jos. A ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe nasa ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka.